Neman sawun kaka a ƙasar da Bakolori ya shanye

A karkarar Zamfara, ba a takarda ake fara neman tarihin kaka ba. A gona ake farawa, da kushewa, da bakin tsofaffi. Manomin da aka haifa a farkon mulkin Turawa ba shi da shaidar haihuwa, shekarunsa da abin da ya faru ake lissafa su: ko ya yi wayo lokacin yunwar Kakalaba ta 1914, ko ya yi aure kafin 'Yar Gusau ta 1942.

Wannan hanya tana aiki ne muddin ƙasar tana nan. A yankin Maradun ta yanke a 1978, sa'ad da kamfanin Impresit na Italiya ya kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan gulbin Sakkwato. Tafkin ya shanye gonaki da gidaje da maƙabartu, aka tashi dubban mutane zuwa sababbin matsugunai. A ɓangaren Talata Mafara da Bakura kuwa, an baje gonakin gado aka sake yanka su domin noman rani, iyakokin da itatuwa ke nunawa suka ɓace. Da manoma suka tare hanyoyi suna neman diyya, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta a Afrilun 1980. A gidaje da dama, labarin kaka a nan ya tsaya.

Duk da haka, sawu bai goge duka ba. Kafin 1996 ƙasar tana ƙarƙashin Sakkwato, don haka takardunta suna can: fayilolin Lardin Sakkwato a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, da Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu. Rahotannin ƙiyasin haraji sun ambaci ƙauyuka da hakimai da sana'o'i, ko da yake da wuya su kira sunan talaka. Fadojin Sarkin Mafara, Sarkin Burmin Bakura da Sarkin Ƙayan Maradun suna riƙe da jerin sarakuna, wanda da shi ake daidaita “zamanin wane” da shekara.

Takarda tana ba da lokaci, tsohuwa tana ba da suna, sai an haɗa su mutum yake fitowa. Takardun za su jira a Kaduna. Waɗanda suka ga tsohuwar Maradun da idonsu kuwa sun manyanta, kuma 'yan bindiga suna sake tarwatsa ƙauyukansu. Su ya kamata a fara tambaya.