Daga Allo zuwa Bango: Yadda Nima ta Reni 'Ya'yanta

Idan ka ce wa mutumin Akra kai ɗan Nima ne, amsar da za ka samu ta danganta da shekarunsa. Dattijo zai tuna babbar gota da cunkoso da labaran 'yan daba da jaridu suka daɗe suna yayatawa. Matashi kuwa zai ce maka Kudus, ko Sallafest, ko zane-zanen da ke jikin bango a bakin titi. Duk su biyun Nima ɗaya suke nufi. Yadda aka tashi daga sunan farko aka iso na biyu, shi ne tarihin da ya kamata mu 'yan zango mu sani, domin ba gwamnati ce ta fara wannan aiki ba, kuma har yanzu bai kammala ba.

Nima ba ita ce zangon farko a Akra ba, garin da kakanninmu ke kira Ankara. Tun ƙarshen ƙarni na 19 Hausawa suna da zango a tsakiyar gari, kuma a farkon ƙarni na 20 Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango. Sai a farkon shekarun 1930 wani Bafulatani mai harkar shanu, Malam Amadu Futa, ya nemi fili a wajen iyalan Odoi Kwao na ƙabilar Ga, ya zauna da mutanensa a bayan gari. Mu muna cewa daga kalmar ni'ima sunan ya fito, masu ƙasa kuma suna da tasu fassarar a harshen Ga. A lokacin wurin yana wajen iyakar hukumar birni, wato ba wanda ya yanka masa tituna, ba wanda ya ja masa famfo, balle a gina masa makaranta. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, aka kafa sansanonin soja kusa da filin jirgin sama, har da na Amurkawa, sai masu neman aikin lebura da gadi da wanki da girki suka yi ta kwararowa. Hausawa, Zabarmawa, Kotokoli, Mosi, Wangarawa, Dagomba, Farafara, kowa ya zo da harshensa, amma Hausa ce ta zama harshen kasuwa da masallaci da tsakar gida. Kafin a shigar da unguwar cikin iyakar birni a farkon shekarun 1950, ta riga ta cika maƙil.

To a irin wannan wuri, wa ke kula da yaro? Malamin allo. Zaurensa shi ne makaranta, shi ne wurin renon yara, shi ne kotun da ake kai ƙarar yaron da ya gagari uwarsa. Ba albashi, sai kuɗin Laraba da abin da iyaye suka kawo ranar sauka. Wannan tsari ya yi ƙarfi har kalmar makaranta ta shiga bakin mutanen Gana baki ɗaya. A nan in an ce yaro ya tafi makaranta, ta Alƙur'ani ake nufi. Ta boko da sunanta na Turanci ake kiranta.

Iyayenmu ba don wauta suka guji boko ba. A zamanin Turawa yawancin makarantun boko a hannun mishan suke, na Basel da na Metodis da na Katolika, kuma yaron da ya shiga sai ya yi addu'ar safe irin tasu, wani ma ya dawo da sabon suna. Uban da ya baro Kano ko Sakkwato ko Dosso da addininsa kaɗai a matsayin dukiya, ba zai miƙa ɗansa haka kawai ba. Ko da gwamnatin Nkrumah ta yi dokar 1961 da ta mai da karatun firamare kyauta kuma tilas, tsoron bai gushe ba, don makarantun da malamansu ba su canza ba. Amma fa mun biya farashi. Lokacin da ake raba ayyukan ofis a sabuwar ƙasa, namu suna bakin ƙofa suna gadi. Wani Bature masanin halayyar al'umma, Keith Hart, ya zauna a Nima daga 1965 zuwa 1968 yana nazarin yadda mutanen da ba su da albashi ke cin abinci. Daga abin da ya gani a lungunanmu ya fito da ra'ayin tattalin arzikin da ba na hukuma ba, wanda ya wallafa a 1973, yau kuma ana koyar da shi a jami'o'in duniya. Ka ga, Nima ta shiga littafin jami'a tun kafin yawancin 'ya'yanta su taka ƙofar jami'a.

Sai ga Nuwamban 1969. Gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Dubban ɗaruruwan mutane suka tashi, cikinsu har da waɗanda a nan aka haife su, ba su taɓa ganin garin da ake cewa su koma ba. Gidaje suka zama kango, makarantun allo suka rasa malamai da ɗalibai. Waɗanda suka rage sun ɗauki darasi mai ɗaci: wanda ba ya iya karanta takardar hukuma, da takarda za a kore shi. Daga nan tunanin iyaye da yawa ya fara juyawa, wasu malamai kuma suka soma sa benci da allon bango, suna haɗa Larabci da ɗan Turanci da lissafi.

Wannan yunƙuri na malamai shi gwamnati ta zo ta tarar. A 1987, zamanin Rawlings, aka kafa Sashen Ilimin Musulunci a ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa, kamar yadda mishan ke da nasu sassan. Tsarin mai sauƙi ne: gini na mai makaranta ne ko na jama'a, gwamnati ta turo malaman boko ta biya su albashi, a koyar da manhajar ƙasa, a ƙara da Larabci da addini, yaro ya zauna jarrabawar BECE kamar kowane ɗan Gana. Ba a raba shi da sallarsa ba, ba a raba yarinya da mayafinta ba. Wannan ne ya buɗe ƙofa ga 'yan mata da yawa da a dā ba za a bari su fita ba. Makarantar allo kuma ba ta mutu ba, ta koma yamma da Asabar da Lahadi. Shi ya sa yaron zango yake karatu kwana bakwai a mako, abin da masu zagin Nima ba su taɓa lissafawa ba.

Samun aji daban, samun wurin yin bita daban. Yaron da ke kwana ɗaki ɗaya da mutum shida, ina zai baje littafi? Wannan giɓi wata 'yar Kanada, Kathy Knowles, ta taimaka wajen cikewa. A 1990 ta fara karanta wa yara shida littafi a gindin bishiya a gidanta da ke Akra, daga baya ta mai da kwantenar jirgin ruwa ɗakin karatu, kafin shekarun 1990 su ƙare kuma Nima ta samu nata. Ba littafi kaɗai ake yi a wurin ba. Akwai ajin yaƙi da jahilci na manya, akwai wasan kwaikwayo da rawa da kiɗan gargajiya na yara. Tambayi samari da 'yan matan unguwa da suka kai jami'a inda suka yi karatun jarrabawa, za ka sha jin sunan wannan ɗaki.

Su kuwa samarin da boko bai riƙe ba, suna da tasu makarantar: bes, wato dandalin da ake zama a kan benci ana dafa ataya, galibi da sunan wani birni na Amurka. An zargi bes da zaman banza, wani lokaci da gaskiya. Amma daga irin wannan zama VIP ta fito a shekarun 1990, samarin Nima masu waƙar hiplife da ke cuɗa Hausa da Twi da Turancin Buroka. A 2003 suka saki Ahomka Womu, a 2004 suka lashe kyautar gwarzon mawaƙin shekara ta Gana. Kafin su, yaro kan ɓoye cewa daga Nima yake idan ya je neman aiki. Su kuma a kan dandamali suke shelanta ta. Sannan suka kafa Sallafest, wasan da ake yi kyauta a kan babban titin Nima lokacin Sallah, manyan mawaƙan ƙasa su zo, mutanen da ba su taɓa shigowa unguwar ba su shigo. Ba duk malamai ne suka yi na'am ba, kuma ƙorafinsu kan cakuɗuwa da shaye-shaye ba ƙarya ba ne. Amma da rana sarakunan zango su hau dawaki, da dare matasa su cika titi, Akra dai ta san yau Sallah ce a Nima.

Bayan makirfo sai buroshi. Wasu matasa masu zane suka haɗu suka kafa Nima Muhinmanchi Art. Dubi yadda suka rubuta kalmar, Hausar zango ce tsantsa, kuma saƙon a fili yake: wurin nan yana da muhimmanci. Suka riƙa zana bangon unguwa, suna koya wa yara riƙe fenti, suna kai aikinsu bikin Chale Wote da aka fara a James Town a 2011. Bangon da a dā ba abin da ke jikinsa sai gargaɗin hana fitsari, ya zama wurin da baƙi ke tsayawa ɗaukar hoto. Da Mohammed Kudus ya zama tauraro, Moh Awudu ya zana shi a bangon Nima, yara suna wucewa ta gabansa kullum a hanyar makaranta.

Labarin Kudus ɗin ma a duba shi da kyau. An haife shi a 2000, ya fara da ƙaramar ƙungiyar unguwa mai suna Strong Tower a filin ƙura. Daga nan makarantar Right to Dream ta ɗauke shi, inda ake haɗa ƙwallo da karatun aji. Sai Nordsjælland ta Denmak a 2018, Ajax a 2020, ƙwallo biyu a ragar Koriya ta Kudu a gasar duniya ta 2022, West Ham a 2023. Kowa ya haddace wannan jerin. Kocin unguwa da ya tara yara ba albashi, yana rabon ruwan leda daga aljihunsa, shi ne ba a cika tunawa ba, alhali ba don irinsa ba da jerin bai fara ba.

Gwamnati ta sake zuwa a 2017: ma'aikatar raya zango, asusun raya zango, da karatun babbar sakandare kyauta daga Satumban shekarar. An gina ajujuwa, an shimfiɗa filayen ƙwallo masu ciyawar roba a wasu zangogi. A 2021 aka rushe ma'aikatar, asusun ya rage. Abin da siyasa ta kawo, siyasa na iya ɗaukewa. Sakandare kyauta kuma ba ta amfanar yaron da bai kai ga BECE ba, ko yarinyar da aka cire daga aji don talla ko aure.

In ka bi tarihin nan daga 1930 zuwa yau, abu ɗaya ke maimaituwa. Malamin zaure ya riga Sashen Ilimin Musulunci, gindin bishiya ya riga ginin laburare, benci da ataya sun riga Sallafest, filin ƙura ya riga Ajax. Kullum wani ne ke fara tara yara ba tare da an biya shi ba, suna da kuɗi su biyo baya. Matsalarmu yanzu ita ce mun iya biki fiye da reno. Ranar Sallah kowa ɗan Nima ne, har na Landan da na New York suna aiko kuɗin anko da na hayar lasifika. Ranar taron iyaye da malamai kuwa benci ya fi mutane yawa. Kudus ɗaya ne, VIP ɗaya ce, yaran da ke bayansu dubbai ne, kuma mafi yawansu ba ƙwallo ko waƙa ce za ta ciyar da su ba. Wanda ke da kuɗin anko yana da kuɗin littafin bita na yaro ɗaya. Wanda ya iya lissafi yana da awa biyu ranar Asabar. Waɗanda suka reni Nima tun farko ba su mallaki abin da ya wuce haka ba, kuma da shi suka fara.