Takunkumin Jarida a Ajantina Lokacin Gasar Kofin Duniya ta 1978

Lokacin da Ajantina ta karɓi baƙuncin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya a watan Yunin 1978, ƙasar tana ƙarƙashin mulkin soja da Janar Jorge Rafael Videla ya kafa bayan juyin mulkin 24 ga Maris 1976, kuma tun ranar farko sojojin suka fitar da sanarwa mai tanadin ɗauri har na shekara 10 ga duk wanda ya yaɗa labarin da zai zubar da mutuncin rundunar. Takunkumi, wato hana a buga labari ko tilasta a sauya shi, ya wuce dokar takarda a can, domin an harbe marubuci Rodolfo Walsh a Maris 1977, kwana guda bayan ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa yana tona asirin gwamnatin, sannan aka kama Jacobo Timerman, editan La Opinión, aka azabtar da shi.

Filin wasan Monumental, inda Ajantina ta doke Holan da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe, bai kai tafiyar kilomita biyu ba daga makarantar sojan ruwa ta ESMA, inda a lokacin ake tsare da mutanen da sojoji suka sace. Mafi yawan jaridun ƙasar sun kawar da kai, abin da ya zama babban abin kunya gare su, in ban da Buenos Aires Herald ta Robert Cox, wadda ta riƙa buga sunayen ɓatattu. 'Yan jaridar talabijin na Holan kuwa suka je dandalin Plaza de Mayo, inda iyaye mata sanye da fararen kallabi ke zagayawa duk ranar Alhamis, suka ɗauki muryoyinsu suna roƙon a faɗa musu inda 'ya'yansu suke.