Tsokana, Zolaya da Wasa: Abin da Tarihin Salaga, Yendi da Bawku Ke Nunawa

Ɗaliban fassara sukan yi tuntuɓe da kalmar Ingilishi tease, domin da an ba su jimla mai ɗauke da ita sai su rubuta "tsokana" su wuce. Asalin kalmar a tsohon Ingilishi shi ne tsettsefe gashin tumaki kafin a kaɗa shi, kusan abin da muke kira shiɓar auduga. Sai a ƙarni na 17 ta ɗauki ma'anar takalar mutum. Wannan takarda za ta duba takwarorinta na Hausa, ta kuma bi su zuwa ƙasar Gwanja, inda fatake suka kai su.

Tsokana daga aikatau "tsokane" take, kamar yadda yaro kan tsokane rami da kara. Mai tsokana so yake abin da ke cikin ramin ya motsa, shi ya sa akan ce wane ya tsokano faɗa. Zolaya ta fi ta sanyi: a gaya wa mutum abin da ba haka yake ba, a bar shi ya hau, sannan a yi dariya tare da shi. Ba'a da izgili akwai raini a cikinsu. Barkwanci da raha kuwa ba dole sai an nufi wani da su ba. Zambo na maroƙa ne, habaici na kishiyoyi ne da maƙwabta. Amma kalmar da ta fi su nauyi a tarihi ita ce wadda ta fi su sauƙi a baki, wato "wasa", kamar a cikin "abokin wasa". Wasa a nan izini ne da al'ada ta ba wasu mutane su faɗa wa juna maganar da in wani ne ya faɗe ta sai an kai ga sarki. Radcliffe-Brown ya yi rubutu a kan irin wannan dangantaka a mujallar Africa a 1940, kuma a 2014 UNESCO ta sa wasannin barkwanci na Jamhuriyar Nijar cikin jerin al'adun duniya.

A gida, izinin yana tsakanin jika da kaka, da miji da ƙannen matarsa, da kuma taubasai, wato ɗan mace da ɗan namiji, waɗanda ke karɓar kuɗin shara a watan Cika-ciki. A tsakanin garuruwa akwai Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Nufawa, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari. Wasu daga yaƙi suka samo asali: Kano da Damagaram sun gwabza a ƙarshen ƙarni na 19, yau jikokinsu ba abin da ke tsakaninsu sai wasa.

To, waɗannan mutane ne suka riƙa haɗuwa a ayarin fataucin goro. Ayari kan tashi daga Kano ƙarƙashin madugu, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya biyo ta Yendi kafin ya sauka Salaga, tafiyar watanni. A zangon Salaga Bakano da Bakatsine da Banufe da Babarbare duk baƙi ne, kowa yana buƙatar mai masauki da dillali da wanda zai ba shi bashi. A ganina a nan wasa ya yi aikin da ya wuce ban dariya, domin shi ne ke ba mutum ƙofar yi wa wanda bai taɓa gani ba magana kamar ɗan'uwa. A lura kuma da cewa babban zancen abokan wasa shi ne "kai bawana ne". Salaga kuwa kasuwar bayi ce ta gaske, ba ta goro kaɗai ba. A garin da ake cinikin mutane da rana tsaka, bambancin wasa da ba'a ba ƙaramin abu ba ne.

Kasuwar ta fara ja da baya bayan Ingilishi sun ci Kumasi a 1874, aka daina samun goron Asante kamar da. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke a kan sarautar Kpembe, Kabachewura Isifa ya zo da taimakon Dagwamba da Nanumba, 'yan zango suka watse zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi har da Alhaji Umaru, haifaffen Kano, wanda ya yi aiki da Bajamushe Adam Mischlich, mai ƙamusun Hausa na 1906, ya kuma rasu a can a 1934.

Fataken ba su tarar da ƙasar babu wasa ba. Mamprusi da Dagwamba da Nanumba suna danganta sarautunsu ga Na Gbewa, wanda tarihin baka ya ce ya zauna a Pusiga, kusa da Bawku. Sarakunan Mosawa kuma ta wajen mace suka fito, gimbiya Yennenga. Saboda haka Dagwamba suna ɗaukar Mosawa jikoki, akwai wasa a tsakaninsu. Bahaushe ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan, ɗan mace ne da ɗan namiji. Can yamma kuma akwai sanannen wasan Dagaaba da Frafra.

Akwai masu cewa wasa shi ne maganin rikicin ƙabilanci a Afirka ta Yamma. Ni ina ganin an kai shi inda bai kai ba. A duba tsarin tun daga gida: taubasai suna wasa ne domin ba gado ɗaya suke jira ba. Waɗanda ke jiran gado ɗaya kuwa Hausa ta ba abin da ke tsakaninsu suna daban, wato 'yan ubanci. Haka abin yake a waɗannan garuruwa uku. Yaƙin Salaga na 1892 tsakanin gidajen sarauta ɗaya aka yi shi. A Yendi, gidan Abudu da gidan Andani kakansu ɗaya, amma rigimarsu ta kai ga kisan Ya Na Yakubu Andani II a watan Maris na 2002, ba a kuma naɗa sabon Ya Na ba sai a 2019. A Bawku, takaddamar Kusasi da Mamprusi, wadda ta fito fili tun wajen 1957, ita ma a kan sarautar gari ɗaya ce. Bamoshe yana iya faɗa wa Badagwambe abin da ya ga dama, domin ba ya neman gadon Yendi.

Saboda haka kafin ɗalibi ya zaɓi kalma, sai ya tambayi wa ya yi maganar, kuma wa aka yi wa. In jika ne ya ce wa kakarsa ta cinye masa tuwo, "yana yi mata wasa" ko "yana zolayarta" za a ce. In yaro ne ya ja wutsiyar karen maƙwabta, "ya tsokane shi". In 'yan aji ne suka sa wani a gaba saboda tsohuwar rigarsa har ya yi kuka, "sun yi masa ba'a", ko da su a wajensu dariya ce kawai.