Yadda ake shirya wutar lantarkin gida kafin lokacin mahaukaciyar guguwa a Amurka

Daga ranar 1 ga watan Yuni zuwa 30 ga watan Nuwamba na kowace shekara, mazauna jihohin Amurka da ke bakin teku, irin su Florida da Louisiana da Texas, da kuma na tsibiran Karibiyan, kan kasance cikin zaman ɗar-ɗar. Wannan ne lokacin da mahaukaciyar guguwa ke tasowa daga tekun Atlantika, kuma lamarin ya fi ƙamari daga tsakiyar watan Agusta zuwa Oktoba.

Ana sanya iska a wannan sahu ne idan gudunta ya kai kilomita 119 cikin sa'a guda. Da yawa daga cikin manyan guguwar suna farawa ne a matsayin hadarin da ke ratsa yankin Sahel lokacin damina, ya nufi yamma, ya faɗa teku ta wajen tsibiran Cape Verde, inda ɗumin ruwa ke ƙara masa ƙarfi.

Iskar kanta takan wuce cikin 'yan sa'o'i. To amma rashin wutar da take bari a baya yakan ɗauki kwanaki ko makonni, kuma a wannan tsakani ne ake asarar rayuka da dama. Bayan guguwar Maria ta afka wa Puerto Rico a watan Satumban 2017, ɗaukacin tsibirin ya faɗa cikin duhu, kuma sai da aka yi kusan wata 11 kafin a kammala mayar da wuta. A watan Yulin 2024 kuma guguwar Beryl ta katse wa gidaje da shaguna fiye da miliyan biyu wuta a yankin birnin Houston, ana tsakiyar zafi.

Inda wuta ke shiga gida

Abin da masu gyaran wuta ke fara dubawa shi ne mashigar wuta, wato bututun ƙarfen da ke tsaye a kan rufi ko a jikin bango, wanda wayar da ta taso daga falwaya ke bi ta sauka zuwa mita. Idan reshen bishiya ya faɗo kan waya, wannan bututu ne ke fara lanƙwashewa ko tumɓukewa.

A wurare da yawa a Amurka, waya da mita na kamfanin wuta ne, amma bututun da akwatin da mitar ke ciki na mai gida ne. Saboda haka ko da an gyara layin unguwa baki ɗaya, kamfani ba zai mayar wa gida wuta ba sai mai gidan ya samo ƙwararren da ke da lasisi ya gyara nasa ɓangaren. Bayan guguwa kuwa, samun irin wannan ma'aikaci ba ƙaramin aiki ba ne, domin kowa nemansa yake yi.

Shi ya sa ake ba da shawarar a sa a duba ƙusoshi da maɗauran bututun tun a watan Afrilu ko Mayu, a kuma sassabe rassan da suka rufa kan gida. Reshen da ya kusanci wayar kan titi dai ba na mai gida ba ne ya taɓa, kamfanin wuta ake kira.

Ruwa ya fi iska ɓarna

Mutane sun fi jin tsoron iska, amma ruwa ne babban abokin gabar wayoyin gida, musamman ruwan teku. Gishirin da ke cikinsa na sa wuta ta bi shi cikin sauƙi, sannan bayan ya janye yakan ci gaba da cin ƙarfe a ɓoye.

An ga haka lokacin guguwar Sandy a shekarar 2012. A unguwar Breezy Point ta birnin New York, ruwan teku ya kai ga wayoyin wani gida, gobara ta tashi, ta cinye gidaje fiye da 100, alhali titunan unguwar cike suke da ruwa har 'yan kwana-kwana suka kasa isa wurin da wuri.

Hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, na ba masu gidaje a wuraren da ake ambaliya shawarar su ɗaga babban akwatin rarraba wuta da soket-soket da makunnai, su kasance aƙalla ƙafa ɗaya, wato kimanin santimita 30, sama da iyakar da aka ƙiyasta ambaliya za ta iya kaiwa a yankin. Haka ma injin na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, akan gina masa dakali a ɗaure shi. Aiki ne mai cin kuɗi, kuma galibi sai wanda ambaliya ta taɓa shiga gidansa ne ke yarda ya yi shi.

Akwai kuma wani nau'in soket da ke katse kansa cikin ƙiftawar ido da zarar ya ji wuta na zurarewa ta hanyar da ba tata ba, kamar ta jikin mutumin da ke tsaye a wuri mai laima. Dokar aikin wuta ta ƙasar ta wajabta sanya shi a banɗaki da kicin da gareji da wajen gida. Yana da ɗan maɓallin gwaji a jikinsa, kuma ana son a danna a tabbatar yana aiki kafin lokacin guguwa ya kama.

Idan hukuma ta ba da umurnin barin gari, kuma ana sa ran ambaliya, akan so a kashe babban makunnin gida kafin a fita. Amma idan ruwa ya riga ya shiga, har sai mutum ya tsaya a ciki kafin ya kai hannu ga akwatin, to a bar shi, a kira kamfani ya yanke daga waje.

Dawowar wuta

Lokacin da layuka ke tsinkewa ana sake haɗa su, wuta kan zo da ƙarfin da ya wuce kima na ɗan lokaci, abin da ke ƙona firji da talabijin da kwamfuta. Tsawa ma na haddasa haka. Kundin dokokin aikin wuta na Amurka na shekarar 2020 ya tanadi cewa a riƙa sanya wa sababbin gidaje na'urar da ke tare irin wannan wuta a babban akwati. Duk da haka, babu kariyar da ta kai cire filogi daga bango kafin guguwa ta iso.

Hukumomin kula da abinci na ƙasar sun ce firjin da ba a buɗe shi ba yana riƙe sanyi na kimanin sa'a huɗu, firiza kuwa idan a cike take tana kaiwa sa'a 48.

Janareta

A nan ne aka fi yin asarar da za a iya kauce mata. Hayaƙin janareta na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, tana sa mutum jiri da barci, ya mutu bai farga ba. Bayan guguwar Laura a watan Agustan 2020, mutum biyar 'yan gida ɗaya sun rasu a garin Lake Charles na jihar Louisiana, sakamakon janaretan da aka bari yana aiki a garejin da ke manne da gidan. Sun tsira daga iskar da ta kai mataki na huɗu cikin matakai biyar da ake auna ƙarfin guguwa da su.

Cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce a ajiye janareta a fili, nesa da ƙofa da taga da aƙalla ƙafa 20, wato kimanin mita shida, a kuma juya bakin hayaƙinsa ya ba gida baya. Buɗe ƙofar gareji ba ya wadatarwa. Ana kuma son a sanya na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iska, mai aiki da batir, kusa da ɗakunan barci. Wannan bala'i ba baƙo ba ne a Najeriya, inda ake samun labarin iyalan da suka kwanta da janareta a zaure ko a baranda ba su tashi ba.

Haɗari na biyu shi ne haɗa janareta kai tsaye da soket ɗin bango don a haska gida duka. Idan ba a raba gidan da layin kamfani ba, wutar janaretan kan koma baya ta bi waya zuwa taransifoma, wadda ke ɗaga ta daga bolt 240 zuwa dubbai. Ma'aikacin da ke kan falwaya yana gyara, yana ganin layin a mace yake, shi ne zai gamu da ita. Maganin wannan shi ne makunnin sauya layi, irin wanda masu janareta suka sani, wanda ba ya bari wutar kamfani da ta janareta su haɗu. A Amurka ƙwararre ne ke sanya shi, galibi da izinin hukuma.

Ana kuma gargaɗin kada a zuba wa janareta fetur yana aiki ko yana da zafi, kuma a gwada tayar da shi tun kafin buƙata, domin man da ya daɗe a tanki yakan toshe injin.

Masu amfani da hasken rana su ma suna da abin lura. Farantan da aka haɗa da layin kamfani suna kashe kansu da zarar an ɗauke wuta, saboda kare ma'aikata, don haka gidan da ba shi da batir zai zauna a duhu ko da rana na kan tsaka. Garin Babcock Ranch na jihar Florida, wanda aka gina da wayoyin wuta a ƙarƙashin ƙasa da babbar tashar hasken rana a gefensa, bai rasa wuta ba lokacin guguwar Ian a 2022, yayin da maƙwabtansa suka yi kwanaki a duhu.

Bayan guguwa ta wuce

Duk wayar da aka gani a ƙasa ana ɗaukarta a matsayin mai wuta, a nisance ta da aƙalla mita 10, haka ma kududdufi ko shingen ƙarfen da ta taɓa.

Gidan da ruwa ya shiga kuwa, ba a kunna babban makunninsa sai ƙwararre ya duba. Makunnan katse wuta da soket-soket da fis da suka nutse, shawarar masu ƙera su ita ce a sauya su, ko da sun bushe kuma a ido suna kama da masu lafiya. Motoci masu aiki da lantarki ma sun shiga wannan jeri: bayan guguwar Ian a 2022 da ta Helene a 2024, jami'an kashe gobara a Florida sun ba da rahoton motocin da batirinsu ya kama da wuta bayan ruwan gishiri ya shige su, wasu ma kwanaki bayan ruwan ya janye. Shawarar da ake bayarwa yanzu ita ce a kai irin waɗannan motoci kan tudu kafin guguwa, idan kuma ruwa ya taɓa su, a fitar da su daga gareji a ajiye nesa da gini.