BABI NA UKU: UNGUWAR TURAWA DA NAUYIN ZAMA A CIKINTA A ƘASAR FUNTUWA

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda auduga ta jawo Turawa zuwa kudancin ƙasar Katsina. A wannan babi kuwa za a dubi inda suka zauna, da irin rayuwar da suka yi, da kuma wanda ya ɗauki nauyin wannan rayuwa. Abin da mai nazari ke son nunawa shi ne, sauƙin da Bature ya samu a unguwarsa bai zo a banza ba, akwai waɗanda suka biya.

3.1 Asalin Keɓe Unguwa

A shekarar 1897 likitan nan Ronald Ross ya gano cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin cizon sauro. Daga nan sai wasu likitocin mulkin mallaka suka ba da shawarar a nisanta gidan Bature daga gidajen 'yan ƙasa, wai don kada sauron da ya ciji ɗan ƙasa ya isa gare shi. Gwamnan Legas na lokacin, William MacGregor, wanda shi kansa likita ne, bai yarda da wannan ba, yana ganin gara a yaƙi cutar a gari baki ɗaya. Amma ra'ayin Lugga ne ya yi rinjaye. Dokar Garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa tsarin, inda aka tanadi a bar fili na yadi 440, wato rubu'in mil, wanda ba a gini a cikinsa, tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa.

Ya kamata a lura cewa ba ganuwa ce ta kewaye wannan unguwa ba, kamar yadda aka sani a biranen Hausa. Fili da doka da ɗan sanda su ne katangarta. Ɗan ƙasa ba ya kwana a ciki sai in bara ne na gidan. A nan ne hujjar lafiya ta yi rauni, domin sauro bai san bambanci tsakanin jinin kuku da na manomi ba, ga shi kuma ɗakin kuku yana bayan gidan maigida.

A Kano da Zariya da Kaduna tsarin ya fito sosai. A Funtuwa da Malumfashi kuwa, inda Turawan ba su da yawa, ƙaramin samfurinsa aka gani. Kamfanin BCGA, wanda aka kafa a Manchesta a 1902, ya kafa injinan gurzar auduga a waɗannan garuruwa, an buɗe gonar irin auduga a Daudawa a shekarun 1920, sannan layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa ya kai Ƙauran Namoda a 1929. Ma'aikatan waɗannan wurare da wakilan kamfanonin ciniki sun zauna ne a gefe, nesa da cikin gari. Har yau akwai unguwa a Funtuwa da ake kira da sunan kamfanin audugar.

3.2 Abin da Ke da Tsada da Abin da Ke da Araha

Idan aka dubi kashe kuɗin gidan Bature, za a ga ya rabu gida biyu. Duk abin da ya ƙetaro teku yana da tsada: abincin gwangwani, man shanu, fulawa, sukari, magani, da barasa, wadda doka ta hana sayar wa 'yan ƙasa a Arewa amma ta ƙyale Bature ya shigo da ita. Kafin ya baro Ingila yakan yi guzurin akwatunan abinci, in sun ƙare ya koma kantunan UAC ko John Holt ko G.B. Ollivant. Kullum kuma yana shan kwinin. Bugu da ƙari, kafin Yaƙin Duniya na Biyu ba a cika zuwa da yara ba, matar ma sai da izini, don haka mai iyali yakan riƙe gida biyu da albashi ɗaya, ga kuɗin makarantar kwana a can gida. Wannan nauyi ne na gaske, bai kamata a yi watsi da shi ba.

Amma duk abin da ya fito daga ƙasar nan araha ne, musamman ƙarfin mutum. A shekarun 1930 abin da lebura ke samu a yini a Arewa bai cika sule ɗaya ba, alhali albashin ƙaramin jami'in Bature ɗaruruwan fam ne a shekara. Shi ya sa wanda a ƙasarsu da ƙyar zai ɗauki mai aiki ɗaya, a nan yana da kuku da boyi da ƙaramin boyi da mai wanki da mai lambu da mai kula da doki da mai gadi. Kaji da ƙwai da nono da itacen girki daga ƙauyukan kewaye suke zuwa. Ruwa a garwa ake ɗauko shi. A barikokin gwamnati ma fursunoni ne ke sharar ciyawa da kwashe bokitin bayan gida.

Gidan kansa na gwamnati ne ko na kamfani. Na gwamnati da kuɗin ƙasa aka gina shi, wato haraji da jangali da kuɗin kwastan. Na kamfani kuwa daga ribar auduga da gyaɗa ya fito, alhali manomi ba shi da ta cewa a kan farashin da ake yanka masa a kasuwar auduga, ko a zamanin BCGA ko bayan kafa hukumar sayen auduga a 1949. A ganin mai nazari, manomin Bakori ko na Ƙafur da bai taɓa taka wannan unguwa ba yana cikin masu biyan hayarta.

3.3 Bayan Tafiyar Turawan Mulki

A 1947 aka hana Ivor Cummings, baƙar fata ma'aikacin Ofishin Mulkin Mallaka na Landan, masauki a otel ɗin Bristol da ke Legas. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa Gwamna Richards ya soke wariyar launin fata a wuraren jama'a. Unguwar Turawa ta koma ta manyan ma'aikata, wadda aka fi sani da GRA. Launi ya daina zama sharaɗi, muƙami ya maye gurbinsa, bayan 1960 kuma manyan ma'aikata 'yan ƙasa suka gaji gidajen har da ɗakunan barori.

Funtuwa ta sake ganin baƙi a 1975, lokacin da aka fara Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa da rancen dala miliyan 29 daga Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin ya shafi gundumomin Funtuwa da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya kuma ɗauki ƙwararru daga ƙetare a manyan muƙamai. Albashi da masaukin irin waɗannan ƙwararru cikin kuɗin shiri ake lissafa su, kuɗin kuwa bashi ne da ƙasa za ta biya. Ba a hana ɗan ƙasa shiga da doka ba a wannan karo, amma wanda ke ɗaukar nauyi bai canza ba.

Katanga ta zahiri, mai ƙofa da mai gadi da janareta, daga baya ta yawaita, kamar yadda ake gani a sansanin ma'aikatan Julius Berger a Abuja ko unguwar ma'aikatan Aramco a Dahran ta Saudiyya. A irin waɗannan wurare tsaro ne ya karɓi matsayin da sauro ya riƙe a 1917, kuma kamfani ne ke biya, ya ɗora a kan kuɗin kwangila ko na mai. A Funtuwa kuwa, rushe hukumomin sayen amfanin gona a 1986 da durƙushewar masaƙu a Kaduna da Kano sun raunana cinikin audugar da tun farko ta kawo baƙin. Babi na huɗu zai dubi halin da gidajen gurza da filayensu suka shiga bayan wannan lokaci.