Daga dakalin ƙofar gida zuwa fada: tarihin zaman dattawa a garuruwanmu



Akwai wani dattijo da yake kiran mu kusan kullum a shirin gaishe-gaishe na dare. Tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya. Ɗansa ya gina gida a sabuwar kartiye can bayan gari, ya ɗauko shi daga tsohuwar unguwa don ya huta. In ya samu layi, sai ya jero sunayen abokan majalisarsa ɗaya bayan ɗaya, har da laƙabin da suke tsokanar juna da shi. Wasu sunayen mun san su, domin da bakinmu muka karanta sanarwar rasuwarsu. Shi ma ya sani, yana dai faɗa ne ya bi su da Allah ya jiƙan rai. Ran nan bayan shiri muka tambaye shi, Baba, ina kake zama da rana? Ya ce cikin gida, bayan ƙofar ƙarfe.

Wannan amsar ce ta sa muka ce yau bari mu waiwaya baya, mu ga inda tsofaffinmu maza suke zama tun kaka da kakanni, da abin da zaman yake yi wa gari.

Mu fara da kalmar fada, wadda yau yara suke rubutawa a bango da fenti. Asalinta ƙofar sarki ce. Lokacin da Katsinawa suka baro Birnin Katsina bayan jihadi, Ɗan Kasawa ya kafa sarautarsa a Maraɗi wajajen 1819, kuma sarki bai zauna shi kaɗai ba: ga Ƙaura, ga Galadima, ga Ƴandaka, ga Durɓi. A Tsibirin Gobir, da aka kafa a 1836, akwai Taran Gobir. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimun wanda ya zagaye Birni da ganuwa, fada takan cika da fadawa, malamai da attajirai. Kowa ya san inda zai zauna, kowa ya san wanda zai riga shi magana.

Talaka ma yana da tasa ƙaramar fadar. Ita ce zaure, da dakalin ƙofar gida, da gindin ceɗiya ko tsamiya kusa da masallaci. Da safe a bi inuwar yamma, da la'asar a koma ta gabas, kowa da buzunsa ko tabarmarsa. Hannu ba ya zama banza: wani yana tufka igiya da kaba, wani yana ɗinkin hula, wani yana gyaran ƙotar hauya kafin damina. Gefe guda an haƙa gurabe talatin cikin rairayi ana dara, kowa da ƴaƴansa goma sha biyu, wannan da tsinken kara, wancan da tsakuwa ko kashin raƙumi, ƴan kallo kuma sun fi masu wasan hayaniya.

To, wane aiki wannan zaman yake yi? Na farko, nan ne labari yake sauka. Fataken da suka fito daga Kano za su Agadas, da ayarin gishirin Bilma, a zaure suke sauke kaya, kuma kafin gari ya waye majalisa ta san farashin goro da inda hanya ba lafiya. Na biyu, sulhu. Rikicin iyakar gona, saniya ta shiga hatsi, mata ta yi yaji ana son biko, yawanci nan ake kashe wutar kafin magana ta kai wurin mai unguwa ko alƙali. Na uku, aure da suna da jana'iza: dattawan majalisa ne ake turawa neman aure, su ne ke raba goro, su ne ke zaman makoki har sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Akwai kuma na huɗu, wanda ba a cika faɗa ba. Majalisa ita ce mai ƙirga mutane. In wane bai fito sallar asuba ba, hantsi ya yi ba a ga buzunsa ba, to kafin azahar an aika yaro ya dubo shi. Tsoho ba ya kwana biyu yana ciwo ba a sani ba.

Da Nasara suka shigo Damagaram a 1899, iko ya fara barin ƙofar sarki yana komawa ofishin kumandan. Damagaram ta riƙe babban birnin ƙasa har 1926, sannan aka mai da shi Yamai. Zamanin lanho ne da aikin dole, wanda sai a 1946 aka soke shi. Majalisa ta ci gaba da zama, sai dai ta koyi yin ƙasa da murya in an hango gumi tafe. Bayan yaƙin duniya na biyu kuma ta samu sababbin baƙi: tsofaffin sojojin da suka dawo da lambobi a ƙirji da labarin teku da sanyin Faransa, ana saurarensu rabi da mamaki, rabi da tsokana.

A Maraɗi akwai shekarar da tsofaffi ba sa mantawa, 1945. Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin da ke cikin fadama, aka hau da mutane tudu, Nasara suka ja tituna miƙaƙƙu. Gidaje sun rushe, amma sunayen unguwanni sun hau tudu tare da masu su: Bagalam, Mokoyo, Ɗan Gulbi, Limanci, Ƴandaka, Maraɗawa. Wanda kuke dakali ɗaya a ƙasa, shi ne maƙwabcinka a sama. Shi ya sa zaman bai watse ba. Inuwa ce kawai ta canja, domin a hankali bedi, wato dogon yaro, wanda asalinsa itacen Indiya ne, ya cika titunan sabon gari. Daga nan zamanin gyaɗa ya zo, alhazai suka yi ƙarfi, zauren Alhaji ya zama wata fadar: barori su zo gaisuwar safe, a ci tuwo tare da dare, a ɗauki saƙon kasuwa.

Sai rediyo, wato sana'armu. BBC ta fara Hausa a 1957, gidan rediyon Nijar ya buɗe a 1958, shi ne daga baya ya zama Muryar Sahel. A 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na rediyo: a tara mutanen gari gindin akwati ɗaya, galibi mushen lakwal ne ke jagora, a saurari shiri kan noma ko lafiya, a yi muhawara, a naɗi muryoyin mutane a aika Yamai. Karo na farko ke nan da manomi ya ji muryar ɗan'uwansa manomi tana fitowa daga akwati. Rediyo ta karɓe wa fatake aikin kawo labari, amma ta ƙara wa majalisa armashi, don a lokacin akwatin guda ne a unguwa, dole a taru. Wanda ya ga yadda ake zagaye rediyo lokacin kokowar ƙasa, tun karon farko a Tawa a 1975 da Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ya san abin da muke faɗa. Samariyar da Janar Seyni Kunce ya farfaɗo da ita bayan 1974 ma, ko da sunanta na samari ne, sau da yawa sarkin samarin mai furfura ne, kuma dattawa ne ke sa albarka kafin a fita aikin gayya.

Abin da ya fara girgiza dakali shi ne fari. Na 1973 da 1974 ya karya gyaɗa, na 1984, wanda mutanenmu suke kira El Buhari, ya watsa gidaje. Majiya ƙarfi suka fita bida: mutanen Adar zuwa Abijan, na kudu zuwa Kano da Ikko, wasu Libiya. A da tsoho ne ke riƙe da rumbu, kowa a hannunsa yake ci. Yanzu ya koma jiran abin da yaro zai aiko daga waje. Wanda ke jiran aike kuwa, maganarsa ba ta da nauyin ta mai rumbu.

Bayan taron ƙasa na 1991 aka shiga siyasar jam'iyyu, a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa, ɗaukar aikin gwamnati ya tsaya cak. Samari masu takardar lakwal da marasa ita suka rasa abin yi, sai suka shimfiɗa tabarma a bakin titi, suka hura gawayi, suka ɗora butar shayi irin na Buzaye, suka sa wa wurin suna fada. Da yawa sun ce daga Damagaram abin ya fara bazuwa, kuma rediyoyi masu zaman kansu da aka buɗe a shekarun nan sun taimaka, don kowace fada tana son a ji sunanta cikin gaisuwa. Dattawa sun yi ta faɗa a lokacin, suna cewa zaman kashe wando ne. Amma in ka duba da kyau, yaran kwaikwayon iyayensu suka yi: suna da shugaba, suna da asusu, suna zuwa bikin juna da makokin juna.

Ku yi lissafi. Wanda yake da shekara 20 a 1994, yau ya haura 50. Waɗanda suka kafa fadojin farko su ne alhazan yau, wasu da jikoki. Akwai fadojin da har yanzu suna nan da sunansu na ƙuruciya, sai dai belot ta ragu, hirar hawan jini da ciwon suga da kuɗin lakwal ɗin yara ta ƙaru. Fadar samari ta zama majalisar dattawa ba tare da kowa ya sanar ba.

Yau kusan rabin ƴan Nijar ba su kai shekara 15 ba, don haka idon hukuma da na ƙungiyoyi yana kan yara da matasa, kuma da gaskiyarsu. Amma a 1960 tsawon ran ɗan Nijar a ƙiyasi bai kai shekara 40 ba, yanzu ya haura 60. Tsofaffi suna ƙaruwa ke nan, a daidai lokacin da wurin zamansu yake raguwa. Labari ya koma cikin salula, kowa da nasa saƙon murya a WhatsApp. Rikici ya koma wurin jandarmomi da kotu. Zaure ya zama butik ko garejin mota. A sababbin unguwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai, ana tayar da katanga mai tsawo, a sare itacen da aka tarar, a sa ƙofar ƙarfe, ba dakali ba inuwa. A cikin ayyuka huɗun da muka lissafa, na ƙarshen ne ba wanda ya karɓa: salula ba ta lura cewa wane bai fito asuba ba.

Ba kuɗi mai yawa gyaran yake so ba. Mai gini ya bar dakali a ƙofar gida, ya dasa bedi ɗaya. Kwamitin masallaci ya yi rumfa ya ajiye tabarmi da randa. Magajin gari, in ana yanka filaye, a bar wa kowace kartiye fili da ba za a sayar ba. Wanda ya ɗauko mahaifinsa daga tsohuwar unguwa, ya ware kuɗin kabu-kabu ko na adaidaita, ko sau biyu a mako, ya mai da shi cikin abokansa ya wuni. Abinci da magani ba su ne kaɗai haƙƙinsa ba, zumunta a ƙafa take. Ƴan fada kuma, in an sauke shayin farko, a miƙa wa tsohon da ke ƙofar gida kusa da ku, a tambaye shi yadda unguwar take kafin a haife ku.

Mu da muke cikin shekaru talatin da ƴan kai, gemun ɗan'uwanmu ne ya kama wuta. Inda muka ajiye iyayenmu yau, nan ƴaƴanmu za su koyi ajiye mu.

Shi kuwa Baban da muka fara da labarinsa, mun yi magana da ɗansa. Ranar Juma'ar da ta wuce ya yi sallah a tsohuwar unguwa, ya zauna har magariba. Daren ranar bai kira mu ba.

Ku faɗa mana, a unguwarku ko garinku ina dattawa suke zama, kuma tun yaushe majalisar take? In akwai mai dara har yanzu, muna son mu zo mu naɗi hirarsu. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba iyayenmu lafiya, ya sa mu gama da su lafiya. Amin.