Awannin Farko na Sabon Injin Babur ɗin Daji da Batun Zaɓen Baƙin Mai

Babur ɗin daji, wato wanda aka ƙera don tsere a kan rairayi, laka da duwatsu, da awa ake lissafa rayuwar injinsa, ba da kilomita ba. Dalili shi ne wahalar da yake sha. Injin Yamaha YZ250F, alal misali, yana kai juyi 13,000 a minti guda, ga shi baƙin man da ke cikinsa bai kai lita ɗaya ba, alhali ƙaramar mota tana ɗaukar kusan lita huɗu, kuma da wuya ta wuce juyi 6,000. Saboda haka abin da aka yi wa irin wannan inji a awanninsa na farko yana bin sa har ranar da bakanike zai buɗe shi.

Abin da ake nema a waɗannan awanni shi ne ringin fistan su zauna daram a jikin silinda. Kafin inji ya bar masana'anta, ana karce cikin silinda da ƙananan zane masu gicciye juna. Zanen yana riƙe mai, kuma kaifinsa ne ke goge ringi har su dace da bangon. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ba ƙarfin ƙarfen ringi kaɗai ke manna su a bango ba. Iskar da ke fashewa a saman fistan tana ratsawa ta bayan ringin ta tura su waje, kuma gwargwadon yadda aka buɗe totur, gwargwadon ƙarfin turin.

Daga nan za a gane kuskuren mai tausayin da ya wuce kima. Wanda ya bar sabon babur yana silo na tsawon lokaci, ko ya riƙa lallaɓa shi a gudu ɗaya, ya hana ringin turin da suke bukata. Sai ƙonannen mai ya cike zanen, bango ya yi santsi tun ringi ba su zauna ba, daga nan inji ya fara shan mai da rage ƙarfi. Mai gaggawa kuwa, wanda ya murɗe totur har ƙarshe inji na sanyi, nasa haɗarin ya fi saurin bayyana. Fistan na alminiyom ne, yana kumbura da zafi kafin silinda ta kamo shi, sai ya cije.

Akwai masu cewa wannan duk tsohon zance ne, tunda yawancin silindar yanzu an shafe cikinta da Nikasil ko makamancinsa, wani rufi mai tauri da kamfanin Mahle na Jamus ya fito da shi a 1967. Gaskiya ne rufin ya gajarta lokacin, amma bai kawar da shi ba, kuma ba ringi kaɗai ke sabawa da juna ba, akwai haƙoran giya da bawul. Littafin kamfanin KTM na baburan SX-F ya hana wuce juyi 7,000 a awa ta farko, ya kuma hana wuce kashi 75 cikin ɗari na ƙarfin inji a awanni uku na farko. A ganina wannan ce matsakaiciyar hanya: a ɗumama inji sosai, a hau, a riƙa ƙarawa da rage totur, a sauya giya akai-akai, a tsaya ya huce, a sake. Bayan awa ta farko a yi juye, a canza filta. Ƙyalƙyalin ƙarfe kaɗan a cikin man farko ba abin tsoro ba ne. Gutsuttsura manya ne ke bukatar bincike.

Batun mai ya fi rikitar da mutane, domin tallace-tallace sun yi yawa. A mafi yawan babura masu bugu huɗu, mai ɗaya ne ke hidimar inji, giya da kuloci, domin farantan kuloci a cikin man suke jiƙe. Man motoci na zamani kuwa ana zuba masa sinadaran ƙara santsi don rage shan fetur, kuma santsin nan na sa kuloci zamewa. Wannan matsala ce ta sa hukumar JASO ta Japan ta fitar da ma'aunin T903 a 1998, ta raba man babur gida biyu: MA na masu jiƙaƙƙen kuloci, MB na waɗanda kulocinsu ba ya cikin mai, kamar sikuta. A 2006 aka ƙara MA1 da MA2. Galan mai tsada wanda babu MA a jikinsa bai kai mai araha mai ɗauke da ita amfani ba a babur ɗin daji.

Lambobi irin 10W-40 kauri suke nunawa: ta farko a sanyi, ta biyu a zafin digiri 100. Haƙoran giya suna yayyanka mai har kaurinsa ya ragu, shi ya sa juye da wuri ya fi neman mai mai suna muhimmanci. Gardamar cewa man haɗin sinadari yana hana ringi zama, ban ba ta nauyi sosai ba, tunda KTM da kansa irin wannan man na Motorex yake ba da shawara a zuba. Yadda aka tuƙa babur ya fi irin man tasiri.

Inji mai bugu biyu nasa tsarin daban ne. Man giyarsa a ware yake, man inji kuma a cikin fetur ake gauraya shi, mai alamar JASO FC ko FD. Awon 40 da 1 na nufin mililita 125 a lita 5 ta fetur, awon 50 da 1 kuma mililita 100. Wasu kan ninka mai don sabon inji, ba su san cewa idan mai ya ƙaru, fetur ɗin da ke ratsa kafireto yana raguwa ba, wanda ke iya ƙara wa inji zafi.

Ga mai hawa a ƙasashenmu, inda ƙurar hunturu ke cika iska, akwai abin da ya gabaci duk wannan. Ƙura ɗaya da ta ratsa matatar iska tana cin ringi fiye da yadda kowane mai zai iya karewa. Soson matata sai an wanke shi, an shanya, an shafe shi da mansa na musamman mai danƙo bayan kowace fita cikin ƙura. Man awo da ake sayarwa a kwalba a bakin titi, wanda ba a san asalinsa ba, bai dace da irin wannan inji ba. Mai sabon babur ya ɗaura masa agogon ƙidayar awa tun ranar farko, ya karanta littafin da ya zo da shi, ya duba alamar MA kafin ya biya kuɗin galan.